Laftof ɗina tana ƙas-ƙas, kuma muryar Baba na ciki

Malama Ummi: Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah masana kwamfuta ku taimaka min, hankalina a tashe yake. Laftof ɗina ta hannu ce, shekara huɗu ke nan da na saye ta. Kusan sati biyu da suka wuce ta fara nauyi, in na danna folda sai ta yi minti biyar tana juya 'yar da'irar nan kafin ta buɗe. Shekaranjiya fuskarta ta koma shuɗi, ta mutu da kanta. Yau da asuba da na kunna ta na kara kunnena a gefen hagu, sai na ji wani ƙara daga ciki, ƙas, ƙas, ya yi shiru, ya sake dawowa. Ta dai tashi, amma da ƙyar.

Aikin digirina na biyu yana ciki, babi huɗu. Wannan ko ya tafi zan iya zama in sake rubutawa. Abin da ya hana ni barci shi ne karatun mahaifinmu. Kaset sittin ne na karatun da yake bayarwa a zaure bayan magariba, ƙanena ya juye su zuwa kwamfuta a shekarar da Baba ya rasu. Su kaset ɗin kuma damina ta cinye su a ɗakin ajiya. Babu wannan muryar a ko'ina sai cikin laftof ɗin nan. Yanzu haka tana kunne a gabana. Me zan yi?

Injiniya Sani: Wa alaikumus salam. Malama ki kashe ta yanzu, kafin ma ki karanta abin da za a rubuto. Ki cire caja, ki ajiye ta a kan tebur inda yara ba za su taɓa ba. Bayani na tafe.

Hajiya Bilki: Allah Ya jiƙan Malam, Ya sa karatun nan ya zame masa sadaka mai gudana. Ki kwantar da hankalinki ƙanwata.

Malama Ummi: Amin Hajiya, na gode. Na kashe ta Injiniya.

Nura Ɗan Birni: Malama abu mai sauƙi. A ciro rumbun ajiyar bayanan da ke cikinta, a ɗaure shi a leda, a saka a firiza ya kwana. Da safe a mayar, zai tashi. Wani oga na ya taɓa yin haka ya kwashe kayansa tas.

Auwalu Mai Gyara: Ni kullum irin wannan nake gani a shago. Ki buɗe wurin ba da umarni ki rubuta chkdsk /r, ki bar ta ta gyara kanta. In ta ƙi, a ɗora mata sabon Windows. Yawanci bairos ne ko Windows ɗin ne ya tsufa.

Injiniya Sani: Nura, Malam Auwalu, ku yi haƙuri, duka biyun ban yarda da su ba a wannan halin. Bari in faɗi dalili don kowa ya auna da kansa.

Rumbun da ke cikin laftof ɗin Malama irin mai faifai ne, wanda ake kira HDD. Duk wanda ya san garmaho ya san tsarinsa: faifai yana juyawa, hannu mai allura yana bin kansa. Bambancin shi ne a nan faifan yana zagaye 5,400 a minti ɗaya, wasu ma 7,200, kuma allurar ba ta taɓa shi. A kan iska take shawagi, tazarar da ke tsakaninsu silin gashi ya fi ta kauri sau dubbai. Ƙas ɗin da Malama ke ji, hannun ne ya je neman wuri a kan faifai ya kasa karantawa, ya koma mazauninsa, ya sake fitowa. In allurar ta fara gogar faifan, kowane zagaye tana kankare fatar da aka rubuta bayanan a kai, garin da ta kankaro kuma ya shiga ƙarƙashinta ya ƙara ɓarna. Abin da aka kankare babu gwanin da zai dawo da shi.

To chkdsk /r aikinsa ya bi faifan nan gaba ɗaya, gurbi bayan gurbi, awa da awanni, inda ya gamu da matsala ya nace. Yana kuma yin rubutu a kan rumbun, yana sauya jadawalin fayiloli. Kamar a ce wa mara lafiyar da ke numfashi sama-sama ya tashi ya zagaye gari a ga ko ƙafarsa lafiya. Garin gyaran gira a rasa ido. Sabon Windows kuwa a kan kayanta za a rubuta shi.

Firiza ma haka. Ana fito da ƙarfe mai sanyi cikin ɗumin ɗaki zai yi gumi, ciki da waje. Ɗigon raɓa ɗaya a kan faifai ya isa. Dabara ce ta zamanin tsofaffin rumbuna da injinsu kan cije, wani lokaci a dace. Ba abin da za a gwada a kan abin da ba shi da na biyu ba ne.

Nura Ɗan Birni: Amma fa na ga ya yi aiki da idona.

Injiniya Sani: Ban ƙaryata ka ba. Wanda ya dace shi ke ba da labari. Waɗanda suka fito da nasu daga firiza bai sake motsi ba, shiru suke yi.

Auwalu Mai Gyara: Injiniya na karɓi maganar chkdsk, ban lura da batun ƙaran ba da na karanta. Amma ka yi mana adalci. Ba duk kwamfutar da ta yi nauyi ba ce rumbunta ya mutu. Sau nawa ake kawo min ana kuka, in buɗe in tarar bakin da rumbun ke shiga ne ya yi sako-sako, ko fanka ce ta cika da ƙurar hunturu tana karta. Wani rumbun waje kuma igiyarsa ce ba ta kai masa wuta sosai, sai ya riƙa ƙas-ƙas, ka canja igiya ya warware. A fara dubawa kafin a tsorata baiwar Allah.

Injiniya Sani: Wannan gaskiya ne, kuma ka fi ni ganin irinsu. Hanyar rarrabewa ita ce a tambayi rumbun da kansa. Kowane rumbu yana da rajistar lafiyarsa da ake kira SMART. Malama, akwai wata kwamfutar a gidan?

Malama Ummi: Akwai ta ƙanena, shi da ya juye kaset ɗin. Na kira shi yana hanya.

Injiniya Sani: Madalla. Ya biya kasuwa ya sayo adaftar SATA zuwa USB, ba ta da tsada. Ya kwance murfin ƙasan laftof ɗinki bayan ya cire batir, ya zaro rumbun a hankali. Rumbun laftof ɗan inci 2.5 ne, wutar USB ta ishe shi. Na babbar kwamfutar tebur mai inci 3.5 ne ke buƙatar wutar 12V daban. Ya fara sauke CrystalDiskInfo a tasa kwamfutar, kyauta ce, sannan ya jona rumbun, ya ɗauki hoton abin da ta nuna, ya cire nan take. In Windows ya ce a yi fomat ko a gyara, kada ya amsa masa.

Hajiya Bilki: Gara da ƙaninki ne zai yi. Mata mu kula, laftof da waya cike suke da hotunan gida, ba mayafi ba komai. In dole sai an kai shago, a je da wani a zauna a wurin, ko a cire rumbun in gyaran bai shafe shi ba.

Auwalu Mai Gyara: Haka ne Hajiya. Mai gyara na ƙwarai ba zai ji haushin a zauna a gabansa ba.

Malama Ummi: Ga shi ya duba. Akwatin da ke sama launin rawaya ne. Akwai ɗigon rawaya a layi uku: 05 da C5 da C6. Ya ce rumbun 500GB ne, kuma a dama an rubuta awa 31,000 da wani abu.

Injiniya Sani: To magana ta fito. Shuɗi lafiya, rawaya gargaɗi, ja kuma ya gama. Layin 05 guraben da suka lalace ne rumbun ya riga ya maye gurbinsu daga 'yan spare ɗin da aka ajiye masa tun daga masana'anta. C5 waɗanda ya kasa karantawa ne yanzu haka, yana jiran ya ga yadda zai yi da su. C6 waɗanda ya gwada gyarawa abin ya gagara. Awa 31,000 kuma, shekara tana da awa 8,760, wato ya yi sama da shekara uku da rabi yana juyawa in an haɗa. Malam Auwalu, ba igiya ba ce.

Abin farin ciki, kwamfuta tana ganinsa, ta faɗi sunansa da girmansa daidai. Da ba ta gani kwata-kwata, ko ƙaran ya zama karta ba tsayawa, da na ce a naɗe shi a nemi masu ɗakin da ba ƙura, waɗanda ke canja allura. Ba manhajar da ke gyara ƙarfen da ya karye. Kuma don Allah kada kowa ya kwance murfin rumbu a ɗaki ko a shago wai zai leƙa.

Kabiru Mai Hoto: Tunda yana buɗewa, a jona kawai a kwafe foldar karatun mana. Me ake jira? Kowane minti yana ƙara mutuwa.

Injiniya Sani: Rabin maganarka na ɗauka. Aikin digirin ƙarami ne, bai wuce 'yan megabait ba, a jona a fizge shi cikin daƙiƙu. Amma karatun babba ne. Malama wane iri ne fayilolin?

Malama Ummi: Ya ce WAV ne, wato sautin da ba a matse ba, foldar ta kusa 55GB.

Injiniya Sani: Ka gani. Kwafin da muka saba yi a Windows, da ya ci karo da gurbin da ya lalace sai ya tsaya a nan yana nacin karantawa, rumbun yana wahala, ƙarshe ya watsar da fayil ɗin gaba ɗaya ko ya daskare. Abin da ake yi shi ne a juye rumbun duka zuwa wani sabo da wata manhaja mai suna GNU ddrescue. Hikimarta ita ce tana fara kwashe inda ke da lafiya da sauri, inda ta ji tauri ta tsallake ta yi alama, sai ta gama da mai sauƙi ta dawo tana tsintar mai wuya kaɗan-kaɗan. Kamar gobara ce, abin da ke bakin ƙofa ake fara fitarwa.

Ana buƙatar sabon rumbun da bai gaza 500GB ba, gara ma 1TB, da filash mai Ubuntu, wani tsari da ke aiki a madadin Windows, da za a tashi kwamfuta da shi. A Ubuntu sunan kunshin gddrescue. Zagayen farko:

ddrescue -f -n /dev/sdb /dev/sdc taswira.map

Na farko mara lafiyar, na biyu sabon. Haruffan nan misali ne, a tabbatar da su sau biyu da umarnin lsblk, mai jero rumbunan da ke jone. In aka juya su, fankon rumbu za a zuba a kan karatun Malam. Fayil ɗin taswira kuma a ajiye shi a wani filash daban, shi ke riƙe da lissafin inda aka tsaya. Ko NEPA sun ɗauke a tsakiya, daga nan za a ɗora.

Malama Ummi: Injiniya wannan ya fi ƙarfinmu ni da shi. Tsoro nake ji mu juya haruffan.

Auwalu Mai Gyara: Malama in kina cikin gari ki turo shi da rumbun gobe da safe. Ina da inbata a shago, wuta ba za ta yanke ba, zan kuma sa masa fanka ya riƙa hura shi. Injiniya ya tsaya a waya mu yi tare. Ba na son ko kwabo, albarkacin karatun.

Hajiya Bilki: Allah Ya yi maka albarka Auwalu.

Kabiru Mai Hoto: Bari in ba ku nawa labarin ko wani zai amfana. Shekara biyu da suka wuce na ɗauki biki na kwana uku, kamu da ɗaurin aure da wuni. Na juye katunan kyamara a rumbun waje, na goge katunan saboda wani aikin na jira. Rumbun yana kan tebur yana aiki, yarona ya ja igiyar, ya faɗo ƙasa. Tsayin bai kai ƙugu ba. Na kai wa wani mai gyara ya ce ya iya, ashe buɗe shi ya yi da sukundireba a kan benci. Da na karɓo na ga sawun yatsa a kan faifan. Na mayar wa mutanen kuɗinsu, amma uwar amarya da ta ce min "to yanzu shi ke nan ba mu da hoton ranar?" har yau ina jin muryarta. Ni a lokacin gani nake tunda kayan na rumbun waje, ai na yi ajiya.

Injiniya Sani: Nan ne kusan kowa ke faɗawa. Ka kwashe daga nan ka kai can, har yanzu guda ɗaya gare ka, wuri kawai ka canja masa. Ƙa'idar da masu harkar suka sani ita ce 3-2-1: kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya daga ciki ba a gidan da sauran suke ba. Na ukun nan saboda ɓarawo ne da gobara da ambaliya. Wanda ya sa laftof da rumbun ko-ta-kwana a jaka ɗaya, rana ɗaya za su tafi.

Zainab ABU: Ni komai nawa a Google Drive yake. Amma 15GB kawai suke bayarwa kyauta, kuma har da Gmail da hotuna a ciki. 55GB ina za ta shiga, ga tsadar data?

Injiniya Sani: Lissafin mai sauƙi ne. WAV yana cin wajen 10MB a minti. In aka mayar da shi MP3 a kan ingancin sauti na 128kbps sai ya koma wajen 1MB a minti, kuma ga muryar karatu daga kaset kunne ba zai ji wani bambanci ba. Kin ga 55GB ya dawo ƙasa da 6GB. Asalin WAV ɗin ya zauna a rumbuna biyu, MP3 ya hau intanet, a kuma raba wa dangi da almajiran Malam a wayoyinsu.

Sai dai ki kula Zainab, foldar da ke daidaita kanta da intanet, in kin goge abu a kwamfuta can ma ya gogu. Kwana 30 yake yi a kwandon shara ya ɓace. Bairos mai kulle fayiloli ma in ya kama na kwamfuta, kullallun ne za su hau. Shi ya sa ake son kwafi ɗaya da ba ya jone da komai, sai ranar da za a sabunta shi.

Habu Maraɗi: Gaisuwa daga Maraɗi. Ni tambayata, in mutum ya sa SSD, sabon nau'in rumbun nan, ai ya huta da wannan duka ko? Tunda ba faifai ba allura.

Auwalu Mai Gyara: Ya huta da faɗuwa da jijjigar babur, kuma kwamfuta za ta yi gudu. Amma SSD ba ya ƙas-ƙas ya yi maka sallama. Jiya lafiya, yau ka kunna babu shi. Kuma abin da ka goge a cikinsa da wuya ya dawo, saboda akwai wani tsari TRIM da ke share gurbin ba da jimawa ba. A mai faifai in ka yi saurin daina amfani da shi, PhotoRec ko Recuva kan tono abin da aka goge.

Injiniya Sani: Ko mai faifan ma ba kullum yake gargaɗi ba. A 2007 Google sun fitar da bincike a kan rumbuna sama da 100,000 da suke amfani da su. Sun gano wanda ya nuna kuskuren karatu na farko ya fi sauran yiwuwar mutuwa cikin kwana 60 har sau 39. Amma kuma sama da kashi 36 cikin ɗari na waɗanda suka mutu, SMART bai nuna komai a kansu ba. Rawaya ta isa hujjar ka kwashe kayanka, shuɗi kuma bai isa ka yi barci ba.

Abu ɗaya da na manta: masu sababbin laftof ku duba ko BitLocker na kunne. In yana kunne, rumbun a kulle yake, an ciro shi ba zai buɗu a wata kwamfutar ba sai da mabuɗi mai lamba 48. Yawanci yana cikin asusunku na Microsoft. Ku rubuta shi a takarda tun kwamfutar na da rai.

Nura Ɗan Birni: Ni na ga filash 2TB ana sayarwa da araha a intanet, shi zan saya in zuba komai.

Auwalu Mai Gyara: Nura araha ba ta ado. Yawancin irin waɗannan na bogi ne, an yi musu dabara su riƙa nuna girman da ba su da shi. Za ka ga sunayen fayilolinka reras, ka buɗe ka tarar babu komai. Duk filash ɗin da ka saya ka gwada shi da H2testw kafin ka ba shi amana, tana cika shi ta sake karantawa ta gaya maka ainihin cikinsa.

Malama Ummi: Assalamu alaikum. Na dawo da labari bayan kwana uku. An fara ranar Talata da safe a shagon Malam Auwalu, Injiniya na kan waya. Aikin digirin aka fara cirowa, ya fito lafiya. Zagayen farko ya ci awa tara, sau biyu rumbun yana ɗaukewa sai an cire an bar shi ya huce. Sauran kwana biyun duk a kan ɗan abin da ya rage aka yi su. Jiya da yamma Injiniya ya ce a tsaya haka, ƙaran ya fara yawa. Abin da ya ƙi karantuwa bai kai 3MB ba a cikin rumbun duka.

Ƙanena ya kwana yana bin fayilolin. Hamsin da tara lafiya lau. Na arba'in da ɗaya ne Baba yana tsakiyar bayani sai murya ta ɗauke kamar daƙiƙa goma, sannan ta dawo.

Injiniya Sani: Alhamdu lillah. Tsohon rumbun kada a goge shi, kada a mayar da shi cikin laftof, a rubuta kwanan wata a jikinsa a sa a durowa. Kuma Malama, a daren nan karatun yana wuri ɗaya ne tak mai lafiya.

Malama Ummi: Ya zama biyu tun ɗazu, mun sayi wani rumbun mun kwafa, mun buɗe fayiloli daga cikinsa mun saurara don mu tabbatar. Ranar Asabar yayanmu zai tafi da shi Gombe. MP3 ɗin kuma ana kan yi.

Da magariba na kai wa Inna waya na kunna mata na farko. Tana jin ya yi gyaran murya kafin bismilla ta ce in ƙara sauti. Da muka zo na arba'in da ɗaya, inda ya ɗauke, ita ta ƙarasa mana jimlar, ta ce tana bayan labule ranar da ya yi karatun. Ƙanena ya ɗauki muryarta, za mu ajiye a foldar tare da nasa.

Auwalu Mai Gyara: Allah Ya jiƙan Malam. Ki turo laftof ɗin ranar Litinin in sa mata SSD.